Inbata ko taransfoma: wanne injin walda ya kamata ka saya a Gombe?

Yaran da suka gama koyon walda za su buɗe nasu shago, tambayarsu ɗaya ce kullum, wai su sayi ɗan ƙaramin injin nan na inbata da ake ratayawa a kafaɗa ko su nemi tsohon taransfoma irin na ogansu. Ni dai ina bayan inbata, amma fa da sharaɗi.

Taransfoma kowa ya san shi, ƙarfe ne da naɗin waya kawai, sai an sa masa taya ko mutum biyu su ciccibe shi. Ba ya jin ƙura ba ya jin duka, in ya ƙone mai naɗin waya zai gyara maka shi a nan cikin gari. Illarsa cin wuta, in wutar gari ta zo ba ƙarfi sai sandar walda ta yi ta manne wa ƙarfe, maƙwabta kuma suna ƙorafin ƙwan fitilarsu na rawa. In shi za ka saya to ka kankare bakin wayar ka gani da idonka, don yanzu da yawa alminiyam ake naɗawa a shafa masa launin jan ƙarfe, alhali alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka na wuta yake iya ɗauka, shi ya sa yake saurin zafi.

Inbata kuwa wani ɗan abu ne a cikinsa da ake kira IGBT, wanda ya fito tun shekarun 1980 amma sai daga baya ya yi araha har ya iso mana. Shi ke kunna wuta yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, saboda haka taransfoman cikinsa bai fi dunƙulen hannu ba, injin gaba ɗaya sau da yawa bai kai kilo 10 ba. Wutar da yake fitarwa DC ce, wato mai bin hanya ɗaya ba ta kai da komowa, tana tafiya sumul, in kana haɗa siririn bututu na taga ko get ba ka yawan huda shi, kuma sandar E7018 ta aiki mai nauyi ta fi kamawa da shi. Ga wanda za a kira Kumo yau gobe Bajoga ya je kafa get, wannan kaɗai ya isa dalili, a bayan mashin za ka ɗaure shi.

To amma a nan ne ake cutar mutane, kuma abin yana min ciwo wallahi saboda yawanci kuɗin sallama ne yaro ya haɗa da bashi. Za ka ga an rubuta 400 ɓaro-ɓaro a jikin injin da ke shiga soket na gida, ka lissafa da kanka, amfiya 400 na walda yana son sama da wat 14,000, wato fiye da amfiya 60 daga wutar 220, soket ɗin kuwa na 13 ne ko 15. Ba zai yiwu ba. Ka juya injin ka duba ɗan tambarin da ke baya ko ƙasa, akwai layin da ke da alamar X da kaso kamar 60%, ma'anarsa a cikin minti 10 zai yi aikin minti 6 ya huta 4 a wannan ƙarfin da aka rubuta a ƙasansa. Kamfanonin kirki a zafin digiri 40 suke auna wannan, wanda shi ne yanayinmu a watan Maris da Afrilu. Sanda geji 12, wato mai kaurin milimita 2.5, ba ta wuce amfiya 100, geji 10 kuma wajen 90 zuwa 130, don haka injin da zai ba ka amfiya 160 na gaskiya a 60% ya ishe ka duk aikin ƙofa da taga. In babu tambarin ma kwata-kwata ka ajiye musu kayansu.

Abu biyu ke kashe inbata a nan. Ƙurar hunturu da garin ƙarfen da injin yanka ke watsawa, fankar cikinsa na zuƙe su su kwanta kan fanel, wato allon kayan wutar da ke ciki, har ya yi gobara, don haka kar a aje shi a ƙasa kusa da mai gurza, kuma a riƙa buɗewa ana hure shi. Sai janareta marar AVR, wato abin da ke daidaita ƙarfin wuta, wanda wutarsa ke tsalle. Ni ba zan haɗa inbata da janaretan da bai kai 6.5kVA ba. Kafin ka biya ka tambayi mai kanti ko ana samun fanel da IGBT na wannan samfurin, kuma wa ke gyarawa, in amsar ita ce sai an aika Kano ko Legas to ka san shago zai yi kwanaki a rufe.

Injin walda da hasken lesa da ake ta nunawa a TikTok, gaskiya aikinsa da kyau a kan siririn ƙarfe marar tsatsa, amma yana son gas na argon ko nitrogen da tsayayyiyar wuta, haskensa kuma ba ya ganuwa, in ya dawo daga jikin ƙarfe yana makantar da mutum, gilashin walda na yau da kullum ba ya tare shi. A shagon bakin titi da yara ke wucewa ban yarda a kunna shi ba.

Mai babban shago da ke ƙera bodin tirela ko tankin ruwa daga safe har magariba, ya riƙe taransfomansa na jan ƙarfe, ya ƙara da inbata ɗaya don aikin waje.