Shagon rigunan hoki a Kantamanto: kaya masu kyau ne, amma jerin Alhaji na buƙatar gyara

Salamu alaikum jama'a. Tun ran Juma'a da na sa baƙar rigar nan mai lamba 4 na fita Nima ake tare ni ana tambaya ina na samo, wasu ma sun ɗauka ta ƙwallon Amurka ce, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. A kasuwar Kantamanto ta Accra na saya, wajen wani dattijo Alhaji ɗan zango, shagon ba allo ba suna amma ba za ka ɓata ba sabida shi kaɗai na gani ya rataye rigunan hokin ƙanƙara a bango tun daga sama har ƙasa. Fos ne, gwanjo kenan inji 'yan uwanmu na Najeriya, dilolin Kanada yake yankawa. Bayan gobarar Janairun 2025 ya sake gina wurin da katako, yanzun ya ɗan fi na da fili.

Ni shekara 6 na yi a Toronto wajen yayana, can na kamu da son wasan nan kuma har yau ina tashi 12 na dare in kalla a waya, don wasan ƙarfe 7 na yamma a can tsakar dare ne a nan in lokacin sanyi ne. Saboda haka da na ga bangon nan wallahi sai da na tsaya cak, na kai minti 10 ban ce uffan ba.

Maganar kaya tukuna. Mafi yawa masu kyau ne, akwai CCM da Koho na da, akwai Reebok, akwai Adidas kaɗan. In za ka saya juya rigar ka duba lambar baya, in ɗinki ne da zare to ka samu, in kuma manne ta aka yi da zafi to wanki uku huɗu za ta fara ɓarewa. Ainihin irin wadda 'yan wasa ke sawa tana da wata 'yar igiya a ciki ta baya da ake ɗaure ta da wando don kar a cire wa mutum riga in faɗa ya kaure, guda 2 kawai na gani masu ita kuma Alhaji bai ma san amfaninta ba sai da na nuna masa. Rigunan manya-manya ne fa sabida a kan sulke ake sa su, kuma suna da kauri da dogon hannu, da rana a Accra ba za ta sawu ba sai dai da hunturu ko in kana kan babur da dare.

To ga inda muka yi doguwar magana da shi. Alhaji ba haka kawai yake ratayewa ba, jeri ya yi, wanda ya fi girma a wasan shi ne a ƙusar sama kuma shi ya fi tsada, jikansa ne ke duba masa a waya. A sama Gretzky ne, lamba 99, Edmonton, shuɗi da ruwan lemu. Nan ba gardama. Mutumin da ya tara maki 2857, ya ci 894 ya ba da 1963 aka ci, wato ko da bai taɓa jefa ko ɗaya a raga da kansa ba waɗanda ya bayar kaɗai sun fi duka makin Jagr da ke bi masa mai 1921. Kofin Stanley, wato kofin NHL babbar gasar hokin Amurka da Kanada, ya ɗauka sau 4 da Edmonton, gwarzon shekara sau 9, kuma duk NHL an ajiye lambarsa ba mai sake sa 99. Sidi 350 ya ce, ban ga laifinsa ba.

Ƙarƙashinsa sai Ovechkin, ya ce tun da ɗan Rashan nan ya ci ta 895 ran 6 ga Afrilun 2025 ya wuce Gretzky samari ke neman jar rigar Washington mai lamba 8. Sai Crosby, sai McDavid, sai Lemieux. Bobby Orr kuwa, mai baƙar rigar nan tawa mai lamba 4, wallahi a can ƙasa na same shi cikin tarin da ake zaɓa, haɗe da rigunan yara. Na ce Baba Alhaji wannan fa ba nan ne wurinsa ba. Ya ce ɗana ai jikana ya duba, ƙwallayensa ba su kai na sauran ba. Na ce Baba ai ɗan baya ne, kaman ka ce mai tsaron baya a ƙwallo ya fi kowa maki a gasa gaba ɗaya, kuma shi ya yi hakan har sau 2, 1970 da 1975, ba wani ɗan baya da ya taɓa yi ko sau ɗaya bayan shi. Shekara 8 a jere shi ne gwarzon 'yan baya, ya kawo wa Boston kofi a 1970 da 1972. Kafin shi ɗan baya tsayawa yake ya tare hanya, shi ne ya ɗauko daga bayan ragarsu ya ratsa kowa har gaba. Gwiwa ce ta kashe masa wasa, wasa 657 kacal ya buga ya ajiye yana ɗan shekara 30. A wajena shi ne na 2 kuma akwai daren da nake jin ma ya fi na 1. Alhaji ya yi dariya ya ce to tunda na riga na ce sidi 120 ba zan canja baki ba, ɗauka. Wannan ya burge ni ƙwarai, wani da jin haka sai ya ninka kuɗin.

Lemieux ma an danne shi a lamba 5. Maki 1723 a wasa 915, kuma a 1993 aka gano yana da ciwon daji, ya yi jinya ya dawo a ranar da aka yi masa gashin ƙarshe na ciwon a asibiti ya shiga fili ya ci, ya ƙare kakar da maki 160 a wasa 60 ya fi kowa. Ni na 3 nake sa shi. Ovechkin ina girmama shi sosai don a zamanin da gololi suka zama ƙatti da manyan sulke ya ci nasa, ba kaman shekarun 1980 da ƙwallo ke shiga kaman ruwa ba, in maganar jefawa a raga ce kaɗai ba kamarsa, amma wasa ai ba jefawa kaɗai ba ne. Gordie Howe na tambaya babu, ya ce bai taɓa fitowa a dila ba, mutumin da ya ci 801 ya buga har yana shekara 52 a 1980 tare da 'ya'yansa 2 a ƙungiya ɗaya.

Abin da ya fi damuna ba laifin Alhaji ba ne, dila ce. Tunda daga Kanada da Amurka kayan ke zuwa, wanda bai buga NHL ba kaman bai taɓa rayuwa ba ne a bangon nan. Ina Tretiak golan Tarayyar Sobiyet mai zinaren Olimfik 3, wanda Montreal suka zaɓa a 1983 ƙasarsa ta hana shi tafiya? Ina Kharlamov da ya ci 2 a wasan farko na karawar Sobiyet da Kanada ta 1972 ranar da suka lallasa Kanada 7 da 3 a cikin Montreal? Ko waɗanda suka buga NHL ɗin daga Turai ba su da yawa, Lidstrom ɗan Siwidin guda ɗaya na gani kuma lambar ta fara ɓarewa, Jagr mai 68 akwai, Hasek babu, golan da ya zama gwarzon gasa gaba ɗaya a 1997 da 1998 ya kuma kai ƙasar Cek ga zinare a Olimfik na Nagano a 1998. Na gaya wa jikan in zai yi jeri ya daina duba yawan ƙwallo kaɗai, don da wannan ma'aunin gola da ɗan baya ba za su taɓa hawa ƙusar sama ba.

Inda shagon ya gaza, ba wurin gwadawa sai dai ka ɗora a kan rigarka cikin zafin nan, kuma in ka fita da kaya ba a dawowa da shi ko da ka ga yagewa a gida. Na sayi ta Calgary wa ƙanena ban duba hammata ba, ashe a ɓarke take, sai da na kai wa tela a Mamobi. Warin dila ma sai ka jiƙa kwana ɗaya ka shanya a inuwa, kar ka sa mata dutsen guga a kan lamba. Yana karɓan momo, wato kuɗi ta waya, yana ragi kaɗan in ka ɗauki 2.

Na Calgary ɗin ba suna a baya, ni kuwa mai 12 nake nema ta Jarome Iginla, wanda babansa ɗan Najeriya ne, ya ci 625 kuma shi ya ba Crosby wadda ya ci Kanada ta ɗauki zinare a Olimfik na Vancouver 2010. Na bar wa Alhaji lambata ya ce in ta fito ko ta Hasek zai kira ni kafin ya rataye. Ran Asabar da sassafe yake yanka sabuwar dila, in ka wuce ƙarfe 8 masu kyan sun tafi. Da na koma jiya karɓo canjina na tarar ya samo wata ta Orr fara, ya rataye ta ƙarƙashin Gretzky, sidi 300.