Koyar da Japananci ta hanyar girki: me makaranta za ta saya?

Abinci uku aka fi ɗauka a irin wannan darasi: onigiri, wato dunƙulen shinkafa, makizushi, shinkafar da ake naɗewa cikin busasshen ganyen teku mai suna nori, sai miyar miso, wato niƙaƙƙen waken soya da aka tsima, kamar daddawa. A Japan ma 'yan aji biyar na firamare suna koyon dafa shinkafa da miyar miso a darasin kula da gida, kuma tun 2005 ƙasar ke da doka kan ilimin abinci. Ga ajin da bai taɓa yi ba, a fara da onigiri. Ba wuƙa, ba wuta a gaban yara, kuma kowa na iya ƙirga nasa da hitotsu, futatsu, mittsu, ya ce itadakimasu kafin ya kai baki, gochisousama idan ya gama.

Kuɗin ya tafi kan shinkafa, domin a nan aikin yake lalacewa. Ana buƙatar gajeriyar ƙwaya mai danƙo. Koshihikari ce ta fi, amma da tsada. Calrose, wadda ake nomawa a Kaliforniya, ta fi araha kuma tana riƙe dunƙule sosai, ita ce zaɓin da ya dace da aji. Basmati da shinkafar da aka turara, irin ta dafa-duka, kada a kusance su: warwarewa suke yi, dunƙulen ya watse a hannun yaro. Mudun Japan na shinkafa, go, mililita 180 ne, kusan giram 150, kuma yana ba da onigiri uku. Aji mai ɗalibai 30, kowa biyu, go 20 ke nan, kilo 3. A wanke har ruwan ya kusa tsabta, a jiƙa minti 30, a zuba ruwa mililita 200 ga kowane go. Bayan ta dahu a bar ta a rufe minti 10. Wanda ya tsallake jiƙawa zai tarar da tsakiyar ƙwayar da tauri.

Tukunyar lantarki ko ta murhu? Ta lantarki ba ta ƙonawa, sai dai mafi yawan na gida go 5.5 suke ɗauka, to aji ɗaya zai ci huɗu. Tukunya mai kaurin gindi da murfi mai kamawa ta wadatar, muddin ba a riƙa buɗe ta.

Nori iri biyu ne. A sayi gasasshe marar ɗanɗano, yaki-nori. Falle ɗaya kusan santimita 19 a 21 ne, ana yanka shi uku. Mai ɗanɗano yana manne wa yatsu. A buɗe fakiti a ranar darasin kawai, don iska mai laima tana lausasa shi nan da nan. Haka kuma a sayi ledar rufe abinci a dunƙula a cikinta, ya fi tsabta kan hannu tsirara, kuma a cinye a ranar.

Makizushi na ƙara tabarmar gora, makisu, da ruwan tsamin shinkafa: ga go 2, babban cokali 3, sukari babban cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1. A cika shi da kokwamba da soyayyen ƙwai, ɗanyen kifi ba na aji ba ne. Miyar miso kuwa tana son romon dashi, kuma garin dashi ya fi sauƙi kan haɗa romon da kombu, wani ganyen teku, da busasshen kifi. A narka miso bayan an sauke, babban cokali 1 ga ruwa mililita 200. In ya tafasa ƙamshin ya gudu.

A karanta kwalba kafin a biya. Mirin na asali, ruwan girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa, yana da barasa kusan kashi 14 cikin 100, ruwan soya, baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya, shi ma yakan ɗan ɗauke ta daga ruɓawa, shi ya sa makarantar da ke da ɗalibai Musulmi za ta nemi mai tambarin halal, ta maye gurbin mirin da sukari. Ruwan soya na ɗauke da alkama, dashi kuma da kifi, sai a tambayi iyaye tukuna ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓarsu.