Sharhi: kundin farko na Animals as Leaders, kiɗa zalla babu mai rera waƙa

Sunan makaɗin ne ya tsayar da ni. Ina yawo a YouTube sai na ci karo da wani baƙar fata rungume da jita mai faɗin wuya, a ƙasa an rubuta Tosin Abasi. Na ce wannan suna ai daga gida yake. Ashe kuwa iyayensa 'yan Najeriya ne da suka zauna a Amurka, a birnin Washington aka haife shi a 1983. Daga nan na nemo kundin farko na ƙungiyarsa, Animals as Leaders, wanda kamfanin Prosthetic Records ya fitar a watan Afrilun 2009 da sunan ƙungiyar.

Tun farko ka sani, babu murya a ciki ko ɗaya. Kiɗa goma sha biyu ne, minti hamsin da 'yan kai, jita ce da ganga da ɗan amon kwamfuta. Mu da muka saba baiti ne ke jan waƙa, kiɗa na biye, za mu yi ta jiran mawaƙi ya shigo, ba kuwa zai shigo ba. Salon shi ake kira progressive metal, wato kiɗan jita mai nauyi da ƙara, amma wanda ba ya zama a kan ma'auni ɗaya. Gwada tafa hannu ka bi "Tempting Time", wanda ya buɗe kundin: kana ƙirga huɗu-huɗu lafiya lau, sai ka ji bugun ya zame maka, ya dawo ta inda ba ka zata ba. Da farko abin haushi ne. Da kunne ya saba, sai ka gane akwai wani bugu a ƙasa da bai taɓa motsawa ba, jitar ce ke kewaya shi.

Jitar Tosin tsirkiya takwas gare ta maimakon shida da aka sani, biyun da aka ƙara masu kauri ne, su ke ba da wannan gurnani na ƙasa. Shi ya sa ko a dandali ƙungiyar ba ta da mai kaɗa bas (jita mai kaurin amo), majita biyu ne, shi da Javier Reyes, sai mai ganga. "CAFO" shi ne wanda kowa ke turawa abokinsa, don yana buɗewa da gudun yatsu mai sa mutum ya riƙe baki. Na yarda da gwanintar, amma ba shi nake komawa ba. Ni "On Impulse" ne ya kama ni. Yana farawa a sanyaye, jita tas babu ƙara, 'yan sautuka suna bin juna kamar mai gurmi yana taɓa tsirkiya shi kaɗai kafin jama'a su taru, sannan nauyin ya riƙa shigowa kaɗan-kaɗan har ya cika kunne ba ka san lokacin da ya cika ba. Haka "Modern Meat", ɗan gajere mai ƙamshin jaz, da aka ajiye daf da ƙarshe don mutum ya huta. A irin waɗannan wurare ne ake jin karatun da ya yi. Bayan tsohuwar ƙungiyarsa Reflux ta watse, kamfanin ya yi masa tayin kundi shi kaɗai, ya ƙi, ya tafi makarantar kiɗa a Atlanta, sai da ya dawo ya karɓa.

Inda kundin ya gaza a wurina shi ne gangar. Ba mutum ne ya kaɗa ta ba, Misha Mansoor na ƙungiyar Periphery ne ya tsara ta a kwamfuta, shi ne kuma ya haɗa sautin. Tsarin akwai basira, amma bugun duk ƙarfinsa ɗaya, babu gajiya babu numfashi, kuma in kiɗa ya yi zafi sai ƙarafan gangar su koma wani siririn shuuu da ke gajiyar da kunne. Akwai kuma wurare a tsakiyar kundin da yatsu ke gudu ba tare da sun kai ka ko'ina ba, irin abin da majita kaɗai za su yi wa tafi.

Kada ka saurare shi ta sifikar waya, rabin kiɗan zai ɓace, domin tsirkiyoyin nan masu kauri ba sa fitowa ta nan sam. Sa iyafis mai kyau. Idan kuma ba ka taɓa jin metal ba, tsallake na farko ka fara da "On Impulse", ka bi da "Song of Solomon" da ya rufe kundin, sannan ka tunkari "CAFO". An sake gyara sautin aka fitar da shi a 2015 da sunan Encore Edition, in ka samu wannan shi za ka ɗauka.