Wayar da ba ta daskarewa: abin da za ka duba kafin ka ciro kuɗinka

Kana shago a Kasuwar Barci ta Kaduna, mai saye ya ce ya turo kuɗi. Ka buɗe manhajar banki, ka leƙa WhatsApp don ganin rasit, ka dawo sai ka tarar manhajar ta koma farko tana neman lambar sirri, mutum kuma yana tsaye yana kallonka. Abin da ya faru shi ne RAM, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke aiki a lokacin, ya cika, sai Android ta rufe wadda ke bayan fage don ta ba ta gabanka wuri.

Fita daga manhaja ba ya nufin ta yi barci. WhatsApp na jiran saƙo, taswira na bin sawunka, wata na ɗora hotuna a intanet. Google ta daɗe tana ja musu linzami, tun daga tsarin Doze na Android 6 a 2015, har zuwa Android 8 a 2017 da ta ƙara taƙaita aikin bayan fage. Sai dai doka ba ta ƙara wa ƙaramar waya ƙarfi. Manhaja ta kai daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawarka ba, sai saƙon nan ya fito: ka jira ko ka rufe.

Waya mai RAM 2GB ko 3GB, irin masu Android Go, wato Android ɗin da aka rage wa nauyi don ƙananan wayoyi, ta isa kira da saƙon murya. Ka saya wa Hajiya, za ta sa maka albarka. Don kasuwanci kuwa ban ba da shawara ba. Mai 4GB tana ɗaukar manhajoji kaɗan lafiya, sai ka tara mata aiki ta fara nauyi. Mai POS, ko mai sayar da atamfa a intanet, ko mai kai saƙo da ke kunna taswira daga Kawo zuwa Barnawa, ya nemi 6GB ko 8GB.

A nan ake yi wa mutane wayo. Za ka ga 8GB ɓaro-ɓaro a jikin kwali, a ƙasa kuma da ƙananan haruffa an rubuta 4+4. Huɗu ne na gaske, sauran huɗun aro ne daga ma'ajiyar waya. Tecno na kiran wannan Memory Fusion, Samsung kuma RAM Plus. Ba ƙarya suka yi ba, yana ɗan taimakawa wajen riƙe manhajoji, amma ma'ajiya ba ta kusa da RAM a sauri, kuma zanen aro ba ya rufe katara. In aka ajiye min mai 4+4 da mai 6GB zalla, ta biyun zan ɗauka ko da ta fi tsada.

Ita kanta ma'ajiyar iri biyu ce, eMMC da UFS, ta biyun ta fi sauri nesa ba kusa ba. Wayoyi masu injin sarrafa aiki (processor) na Helio G85 eMMC suke amfani da ita, Helio G99 kuwa yana ɗaukar UFS 2.2, kuma ƙirarsa ta nanomita 6 ce a maimakon 12 ta G85, wato sassansa sun fi ƙanƙanta, don haka bai cika zafi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Maris da Afrilu, domin waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu.

Akwai masu cewa a sayi iPhone ta hannu a huta. Gaskiya ne tana da santsi, saboda tana dakatar da yawancin manhajoji da zarar ka fita. Amma duba lafiyar batir. In ta yi ƙasa da kashi 80, ka lissafa kuɗin sabon batir a cikin ciniki.

In ka shiga shagunan titin Ahmadu Bello, tambaya ɗaya ce: "Malam, nawa ne RAM ɗinta na asali, ban da na aro?" Kada ka tsaya a amsarsa. Karɓi wayar gwaji, buɗe kyamara, YouTube, Chrome da taswira, sannan ka koma ta farko ka gani ko tana nan yadda ka bar ta. Bayan ka kai gida, shiga saitin batir ka cire WhatsApp da manhajar bankinka daga cikin waɗanda ake takurawa, in ba haka ba alat ɗin safe sai bayan azahar zai iso.