Dare ɗaya a matarnite, sajfam biyu

Sati uku ke nan da na sauka, sai yau na samu sukunin rubuta wannan, jaririya tana barci, Inna tana dama mini kunun kanwa. Haihuwata ta uku ce, amma ta farko a likita. Biyun farko a ɗakin Inna na yi su a Birni, a durƙushe, a hannun ungozomar unguwa. A ta biyun ne na zubar da jini har na fara ganin duhu, shi ya sa wannan karon maigida ya ce babu zancen gida.

Ba zan faɗi sunan matarniten ba. Na gwamnati ce, a cikin garin Damagaram.

Mun isa a adaidaita wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ni da Inna da bidon ruwanmu, don duk ɗan Damagaram ya san ba a dogara da famfo. Ta fannin kuɗi ba ni da ƙorafi sosai. Tun watan Satumba na 2024 gwamnati ta ce haihuwa kyauta ce a likitocinta, kuma ba a karɓi ko dala ba da sunan kuɗin haihuwa. Takardar magani dai an rubuto, safar hannu da ruwan ƙari da allura, maigida ya kashe kusan jika huɗu a farmasi. Ɗakin a share yake, gadaje uku, labule ɗaya tak.

Sajfam ɗin da ke gadi a daren, wato ungozomar likita, ba ta ɗaga kai ba da na yi sallama. Ta karɓi karnen awona, ta ce wa Inna, "Ke tsohuwa, waje." Inna da ta aurar da ɗiya shida. Ta ce in hau gado, ta yaye mini zane, ƙofa a buɗe, mai shara yana wucewa. Ta sa hannu ta duba ni ba tare da ta ce ga abin da za ta yi ba, sannan ta kira ɗalibai biyu su ma suka duba, ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya tambaye ni ko na yarda. Na san sai da haka ake koyo, ƙanwata ma karatun da take yi ke nan, amma "baiwar Allah, kin yarda su duba ki?" bai fi numfashi ɗaya ba.

Ni dai na cije, haka aka tarbiyyantar da mu: mace ba ta kuka a naƙuda, kar a yi mata gori ranar suna. Yarinyar da ke gadon kusa da ni ce ta kasa. Haihuwar fari, daga wajen Mirya aka kawo ta, ba za ta wuce shekara goma sha bakwai ba. Tana kiran uwarta tana matse ƙafafu, sai na ji tas a cinya, da wannan maganar da kowace mace a garin nan ta taɓa ji ko aka ba ta labari: "Da kike jin daɗinki kin kira mu?" Yarinyar ta yi tsit. Wannan shirun ya fi kukan tsaya mini a rai.

In za a yi adalci, matar nan ita kaɗai ce a kanmu mu biyar, wuta ta ɗauke sau biyu, da fitilar waya ta yi wa wata ɗinki. Gajiya gaskiya ce. Amma ta safe ma ita kaɗai ce, ɗakin bai canza ba, labulen bai ƙaru ba.

Ta shigo bayan gari ya waye, babbar mace mai tabarau. Abu na farko da ta yi, ta ja ƙofa. Ta karanta sunana a karne ta kira ni da shi, ta ce, "Sannu ɗiyata, zan duba ki, hannuna da sanyi, ki yi haƙuri." Ta ce saura kaɗan, in sauko in zaga in ina iyawa. Ta leƙa waje ta ce, "Inna, bismillah, zo ki riƙe ɗiyarki." Da na ce kwanciya rigingine tana kashe mini baya, ni a durƙushe na saba, ba ta yi dariya ba, ta bar ni na juya yadda jikina ke so. Ba ta danna mini ciki ba, ba ta yi mini ƙari ba, wato yankan faɗaɗa hanya. Jaririya na faɗowa ta ɗora mini ita a ƙirji, ta yi mini allura a cinya ta ce ta tsai da jini ce, tunda ta ga abin da aka rubuta na haihuwar baya. Ta karanta karnen ke nan.

Na ɗauka kirkinta ne kawai, sai ƙanwata ta ce a'a, haka aikin yake a rubuce. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a bar mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya tsaya mata, ta haihu a yanayin da ta fi so, a daina danna ciki, a daina yin ƙari ga kowa da kowa.

Zan koma? In Allah ya sake ba ni, zan koma, don jinin da na gani a ɗakin Inna ba na son sake ganinsa. Amma zan roƙi Allah naƙudar ta kai safiya. Maƙwabciyata da ke wata takwas ta ji labarin duka, rabin farko kawai ta riƙe, ta ce ita a gida za ta durƙusa. Har yanzu muna jan zancen.

Ranar suna na aika wa mai tabarau goro da ƙafar rago. Ta karɓi goron, ta maido naman, ta ce mai jego ta fi ta bukata.