Gudun 80 ko na 100: wanne ya fi sauƙin mai a tsohuwar bas mai ɗaki?

Alhaji, ka yi tambaya kan tsohuwar Hiace mai dogon rufi da ka sayo, wadda aka yi wa gado da wurin girki a ciki. Ka ce wani direba ya ce ka tsaya a 80 in ka ɗauki hanyar Kaduna, wani kuma ya ce ka taka 100, wai in ka isa da wuri injin bai daɗe yana shan mai ba.

Ni ina bayan mai 80. A babban titi, iska ce ke cinye mai. Gaban motarka a miƙe yake kamar bango, ga rufi an ƙara masa tsawo. Ita kuwa turjiyar iska, in ka ninka gudu sau biyu, sau huɗu take ninkuwa. Daga 80 zuwa 100 kashi 25 cikin ɗari ka ƙara na gudu, amma turjiyar ta haura da kusan kashi 56. Man da za ka sha ba zai ƙaru har haka ba, tunda tayoyi da nauyin kaya ma suna cin rabonsu, amma wallahi za ka ji a aljihu, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Mai shawarar 100 da awa yake lissafi, alhali abin dubawa shi ne lita nawa ta sha a kan kilomita nawa.

Abin da 100 ke ba ka lokaci ne kawai. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. A 80 za ka yi kusan awa uku, a 100 kuma awa biyu da minti 18. Ribar ba ta wuce minti 35 ba, shi ma sai in babu tirela a gabanka, babu shingen jami'ai. A kan wannan ɗan lokacin tsohon inji zai ƙara zafi a bazara, birki zai buƙaci fili mai tsawo saboda nauyi, kuma duk tirelar da ka gifta sai iskarta ta girgiza maka sitiyari. Da iyali a ciki, ban ga dalili ba.

Sai dai kada ka ce tunda haka ne bari in koma 50. In kana giya ta biyar a wannan gudun, injin kakari zai riƙa yi, kana danna totur ba ya amsawa. In ka sauko ta huɗu kuma juyinsa ya ƙaru. Abin da ake nema shi ne giyar ƙarshe, a mafi ƙarancin gudun da injin ke tafiya sumul. Masu giya huɗu, irin wasu tsofaffin Volkswagen, nasu yakan sauko ƙasa da na masu biyar.

Kowace mota da halinta, don haka gwada taka. Cika tanki a Na'ibawa da ke Kano har famfo ya katse da kansa, ka rubuta maleji, ka je Zariya ka dawo a 80, ka sake cikawa a famfon nan dai, ka ga lita nawa ta sha a kan kilomita nawa. Wata rana ka maimaita a 90, sannan a 100. Zuwa da dawowar nan dole ne, musamman da hunturu: iskar arewa maso gabas tana tura ka in za ka Zariya, ta tare ka a dawowa. Ka riƙa duba gudun a taswirar waya, don allurar tsohuwar mota ba abin dogaro ba ce sosai.

Kafin gwajin, ka biya wajen mai faci da sassafe, tayoyi na da sanyi, ya daidaita iska yadda aka rubuta a jikin ƙofa ko littafin motar. Kariyar ɗora kaya da ke kan rufi, in ba kaya za ka ɗora ba, a kwance ta. Tankin ruwan wanka ma kada ka cika shi tun daga Kano, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Allah ya kiyaye hanya, Alhaji.