Canjin fad ɗin birkin Camaro SS a wani gareji na hanyar Jos, Bauchi

Makanikan Bauchi sun san birkin Corolla da Vibe da Sharon kamar yunwar cikinsu, amma motar tsere irin Chevrolet Camaro SS ta 2010 zuwa 2015 wata aba ce daban. Injinta V8 ne mai lita 6.2, nauyinta kusan kilo 1,750, kuma kalifa ɗinta, wato ƙarfen da ke matse fad ɗin birki a jikin diski, na kamfanin Brembo ne mai fiston huɗu a gaba da baya. Akwai wani gareji a hanyar Jos, bayan an fita daga cunkoson gari, da ya iya wannan aiki, kuma ya cancanci a yi bayaninsa dalla-dalla, har da inda ya gaza.

Abin da ya fara raba shi da sauran shi ne ba a kwance kalifa don canjin fad kawai. Kalifar Corolla mai zamewa ce a kan fin biyu, dole a ɗaga ta. Ta Brembo a kafe take, fiston biyu ciki biyu waje, fad kuma ta sama ake zaro shi. Maigidan garejin yakan sa yaronsa ya doki fin biyun da ke riƙe da fad da siririn ƙarfe daga waje zuwa ciki, yana danne sifirin ɗin tsakiya da babban yatsa don kada ya yi tsalle. A wasu wurare da ƙusa lanƙwasasshiya da babbar guduma ake yi, sai ka ga fentin kalifa ya ɓare, bakin ramin fin ya buɗe.

Wajen mayar da fiston ciki nan ne ake gane gwani. Idan aka zare fad biyu lokaci guda aka danna fiston ɗaya, man birki yakan turo na gefensa waje, wani lokaci har ya wuce robarsa. A nan gefe ɗaya suke yi: a zare tsohon fad, a goge ƙurar da ta kewaye fiston, a danna biyun tare da faffaɗan ƙarfe, a zura sabo, sannan a koma ɗaya gefen. Gogewar ba ƙaramin abu ba ce a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Fiston da aka tura ciki da yashi a jikinsa shi ne yake maƙalewa bayan 'yan watanni, fad ɗin gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa. Kafin su danna kuma sukan buɗe kofin man birki su zuƙe kaɗan da sirinji, domin idan ya yi ambaliya yana cin fentin mota.

Ba sa mayar da tsohon fin da sifirin idan sun yi tsatsa ko sun ci rami. Masu mota da yawa na ganin neman ƙarin kuɗi ne. Ba haka ba ne. Sifirin da zafi ya kashe ba ya danne fad, shi ke kawo wannan ƙarar ƙas-ƙas a kan hanya mai gargada, fin mai rami kuma yana hana fad komawa baya bayan an saki feda. Giris ɗin da suke shafawa na birki ne mai jure zafi, ɗan kaɗan a bayan fad da gefen ƙarfensa, ba baƙin giris na boris da ke narkewa ya kumbura roba ba.

Diski ma ana auna shi, ba a shafa shi da yatsa a ce yana da sauran rai. A jikin kowane diski an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, kuma da maikromita suke gwadawa a wurare da dama, nesa da tudun da ke bakin gefe. Na gaba faɗinsa milimita 355 ne, na baya 365. Idan za a sa sabo, sukan kankare tsatsar fuskar hob, wato inda diski ke zama, da buroshin waya har ta yi fes, saboda ɗan ɓurɓushin tsatsa a nan ya isa ya sa diski ya zauna a karkace, sitiyari ya fara rawa in an taka birki. Fiston na baya turawa ake yi ba murɗawa ba, tun da birkin hannun wannan mota ba a cikin kalifa yake ba, takalmin birki ne daban a cikin kwanon diski. Notin taya kuma da sufana mai auna ƙarfin ɗauri suke gamawa, 190 Nm, a tsallake-tsallake, ba yaro ya hau kan bututu yana tsalle ba.

Inda suka gaza guda biyu ne, kuma ɗaya babba ne. Sukan ƙara man birki daga robar da aka riga aka buɗe tana ajiye a kan kanta. Man birki na shan damshin iska. Nau'in man da ake kira DOT 4, in sabo ne, sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 155. DOT 3 daga 205 yake faɗowa 140. A zafin Afrilu, ana gangarowa daga Jos da gudu, wannan ratar ce ke sa feda ta nutse har ƙasa. Gara mai mota ya zo da lita ɗaya a rufe, ya ce a canza duka, kuma ya tabbatar an fitar da iska ta noti biyun da ke kan kowace kalifa, na ciki da na waje. Kada a yarda da DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Na biyu kuwa, ba su da agogon auna karkatar diski, don haka in rawar sitiyari ce ta kawo ka, zato za a yi.

Kaya ba sa ajiyewa. Fad ɗin wannan kalifa da wuya a same shi a Bauchi, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, kuma jabu ya yi yawa. A sayi saiti mai haɗe da fin da sifirin, a guji na Beljiyam ko da kaurinsa ya burge, don ba a san irin zafin da ya sha ba. Kuɗin aikinsu ya ɗara na makwabta, kuma ƙafa huɗu kan ci rabin yini.

Kafin mota ta motsa sukan taka feda har ta yi tauri. Zaunar da sabon fad kuwa sun bar wa mai mota: a sami miƙaƙƙiyar hanya da sassafe babu babura, a taka birki da ƙarfi daga gudun kilomita 100 a awa zuwa 20 sau takwas zuwa goma ba tare da tsayawa cik ba, sannan a yi tafiyar minti goma ba a taɓa birki ba don ya huce. Wanda ya tsaya da ƙafa a kan feda alhali diski na da zafi, hoton fad zai fito a jikinsa, rawar da aka gudu ta dawo.